Masar da Aka Ƙi Ci

Dogon Dutsi, cikin kaka

Zuwa ga ɗiyata Balki, a Dumega.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji Yesu. Yaya ɗiyarki Husna, yaya aikin gona? Ni dai lafiya lau, sai kunne da ya juya mini baya. Shi ya sa na koma takarda. In na kira ki a waya ba ki ɗauka, in kin ɗauka ma ba ji zan yi ba.

Tun cikin damina wani labari ya same ni a kasuwa, wajen masu goro. Wai a Dumega an kama wata mai soya masa da maita, an sa ta tsallake yaro, yaron ya tashi. Na ce to, irin wannan tun ina yawo ba wando nake jin shi, kuma kullum a garin da ba naka ba yake faruwa. Sai mai labarin ya ce sunanta Balki, Kirista ce, mijinta ya rasu. Na yi dariya har goro ya sarƙe ni. Na ce Balkin da na sani, wadda in za a yanka kaza a gidanta bayan ɗaki take zuwa ta toshe kunne, ita ce za ta ci kurwar mutum? Na kakkaɓe riga na bar su.

Jiya kuma Mani direba, wanda ke kai mutane garinku ran kasuwa, ya sauke mini buhun gero. Na tambaye shi ina masata, don kin saba sako mini. Sai ya hau duba tayar motarsa, alhali ba abin da ya sami tayar. Da na matsa, ya ce: “Baba Ma'azu, ai tandar nan ta daɗe da yin sanyi.”

Dariyar ta tsaya mini a nan.

Kin yi karatun manya a majami'a, ni na saya miki alƙalamin fari, kada ki ce kin manta. Ki rubuto ki ba Mani. Na ji daga bakin masu goro, yanzu ke nake son ji.

Allah ya tsare ku. Ni ne kawunki,
Ma'azu

*

Dumega

Zuwa ga Kawu.

Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan ƙarfin jiki. Husna tana gaishe ka.

Gaskiya ne, Kawu. Na tsallake shi.

Ka san Zubaida maƙwabciyata, wadda danga kaɗai ta raba mu. Ɗanta Ahmad bai isa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Kullum shi ne farkon zuwa bakin tandata, in ba shi masar fari, wadda gefenta ya ƙone, don ita yake so. Cikin damina zazzaɓi ya kama shi. Da safe aka kai shi gidan likita, aka yi masa allura, aka dawo da shi. Da rana jiki ya rikice, ido ya juye, yana ta kiran “Balki, Balki.” Kawu, masa yake kira, ni na san haka. Amma kakarsa, uwar mijin Zubaida, ta ce yaro a wannan hali ba ya kiran suna sai na wanda ya riƙe masa kurwa.

Suka zo ina wanke tanda, mata cike da gida. Tsohuwar ta ce in zo in tsallake shi in sake shi. Na ce ni ban riƙe kowa ba. Sai Zubaida ta faɗi ƙasa ta kama ƙafafuna. Ta ce: “Balki, ban ce ke ce ba. Amma don Allah, me zai rage ki? Ɗaga ƙafa ne kawai.” Na je na ga yaron bisa tabarma, bakinsa na kumfa. Na ce a raina, gaskiya ne, me zai rage ni? Na tsallake. Suka ba ni ruwa na kurkure baki na zuba a ƙoƙo, suka ɗura masa.

Kafin magariba ya tashi zaune yana neman kunu.

Na yi murna, har na durƙusa na gode wa Allah. Washegari na hura wuta na soya, rana ta ɗaga ba wanda ya zo. Sai a nan na gane abin da na yi. Da ya mutu, da sun ce na ƙi saki. Da ya tashi, sun ce na saki. Allurar safe ba wanda ya tuna da ita.

A rijiya mata na janye 'ya'yansu su lulluɓe su da zane. Husna ita kaɗai ce bisa bencinta a lakwal, don an ce a nono ake shan abin. Duk wannan na ɗauka. Amma ran godiyar kaka a majami'a na tuƙa tuwo, na yi miyar kuka da man shanu, na kai kamar kowa. Aka yi addu'a bisa abincin, aka ci. Da aka tashi kowace mace ta ɗauki kwanonta wayam. Nawa ko murfinsa ba a ɗaga ba. Sun gaishe ni da kyau, har da “'yar'uwa”. Na aza shi a ka da nauyinsa na taho.

Tun ranar ban koma ba. Addu'a kuwa, in na buɗe baki ba abin da ke fita. Kada ka ce in yi haƙuri, Kawu. Duk wanda ya ƙi cin abincina ya riga ka faɗa.

Ka huta lafiya. Ɗiyarka,
Balki

*

Tibiri

Assalamu alaikum, Kawu Ma'azu.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ɗanka Mahmudu ne, ƙanen Balki. Ba zan ja magana ba, ina butik, wato kantina.

Na je Dumega. Akwai abin da yaya Balki ba za ta rubuta maka ba. Ta daina dafa wa Husna. Gari take ba ta, ta ce ta dama da kanta. Ita kanta Balkin ba ta cin abin kirki, ta rame har ban gane ta daga nesa ba. Na ce ta soya mini masa in ci a ƙofar gida kowa na gani. Ta ce a'a. Na ce don me? Ta ce: “Mahmudu, in kuma gaskiya ne fa? An ce akwai masu shi ba su sani ba.” Ka ji inda suka kai ta.

Yanzu dattawan unguwa sun kawo wai mafita. Akwai wani boka daga daji, wajen Dogon Kiriya. Zai zo ya ba ta magani gaban jama'a, ta amayar da ƙanƙarar maita, shi ke nan a koma cin masarta, Husna ta sami abokan zama. Kawu, wannan shirka ce tsantsa, kuma wayo ne. Duk wanda ya sha abin nan sai ya yi amai, tsakuwa kuma ba ta wuyar samu a Arewa. In ta sha ta amsa sunan, kuma ta amsa mana duka, ni da kai da marigayiya Inna. Tuni wani ya ce mini a butik in daina kallon ɗansa, wai wasa yake.

Na ce mu kai ƙara wajen jandarma. Ta ce wa za a kama, Zubaida? Na ce ta tattara ta dawo Tibiri, ɗaki na nan, ba wanda zai tilasta mata salla. Ta ce sunan zai riga ta shiga mota.

Bon, shi ke nan. Kai ka ja ta cikin addininku, ban taɓa yarda ba, ka sani. Kuma mutanen da ka damƙa ta gare su, su ne suka mayar mata da kwano. Amma kai take ji. Ka hana ta.

Wassalam.
Mahmudu

*

Dogon Dutsi

Ɗiyata Balki, alherin Ubangiji ya zauna tare da ke da Husna.

Ba zan ce ki yi haƙuri ba. Na karanta takardarki, na ajiye, na je na ba akuya ruwa, na dawo na sake karantawa, ba ta sauya ba.

Batun kwano ba ni da abin kare su. Na rubuta wa fastonku abin da ba zan maimaita gaban ɗiya ba. Mu da muka fito daga gidajen bori an nutsa mu cikin ruwa har ka ranar baftisma, amma ina ganin tsoron ya iya riƙe numfashi, tare muka fito da shi.

Ƙanenki ya ce kin fara zargin kanki. To mu bi maganarsu mu gani. Sun ce a nono ake sha. Ke kin sha na uwarki, uwarki ta sha na tsohuwarmu, ni kuma na riga ta sha, na kuma fi ta daɗewa a kai, don an ce sai da aka shafa ɗaci aka samu aka yaye ni. Ke nan ni ne babban mayen gidan. Ga ni na tsufa tsakanin 'ya'yan maƙwabta, suna kaɗe mini mangwaro tun yana ɗanye, ko rigar ɗaya ban taɓa iya kamawa ba, balle kurwarsa.

Abin da kika yi ranar nan ba saki ba ne. Mace ta riƙe ƙafarki tana kuka, kika ji tausayinta. Shi ma Almasihu da ya warkar da mutane cewa aka yi da sarkin aljannu yake aiki. Ya san wannan zagin a jikinsa, ba sai kin yi masa bayani ba.

Kin ce addu'a ba ta fita. To kada ki matsa mata. Ga abin da nake roƙo. Da asuba, lokacin da kika saba hura wuta, ki hura, ki zauna gabanta. In babu magana kada ki ce komai. Ni tsoho ba barci gare ni ba a lokacin, ina nan bisa buzuna ina kiran sunanki gaban Allah. Ke ki kawo zaman, ni in kawo bakin. In kuma faɗa ne ya zo miki, ki yi masa faɗan. Ya ji wanda ya fi naki daga gare ni shekarar da matata ta rasu, bai kore ni ba.

Kuma tunda wutar za ta ci itace a banza, ki ɗora tanda, ki sako mini ta hannun Mani. Likita ya hana ni mai, amma shi bai taɓa cin masarki ba.

Maganar boka na ji ta. Ba zan ba ki umarni ba, ba ni ke zaune bisa bencin Husna ba. In kin sha za su ci masarki, gaskiya ne. Amma masar mayyar da ta tuba za su ci, kuma ranar da wani yaro ya sake yin zazzaɓi ƙofarki za su fara bugawa.

Allah ya riƙe ki. Kawunki,
Ma'azu

*

Dumega

Kawu, ina gaisuwa, ina kuma godiya.

Na hura wutar. Da fari zama kawai nake kamar kututture, hayaƙi na shiga idona, ina cewa a raina Kawu ya tsufa. Na daɗe a haka.

Sai wata safiya Ahmad ya hangi hayaƙin. Ya ɓullo ta ramin danga inda kaji ke bi, da gudu, hannu a miƙe, yana cewa: “Balki, ƙonanna!” Kawu, itace na ɗauka na kore shi. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ɗan kowa ba. Ya tsaya yana kallona bai gane ba, sannan ya fashe da kuka, na ji Zubaida ta fizge shi ta can. Ba don mutane na yi ba, ba wanda ke gani. Tsoro na ji kada in taɓa shi wani abu ya same shi. Ni da kaina.

A nan bakina ya buɗe. Ba addu'a mai kyau ba ce. Na ce wa Yesu, kai ka sa mini tausayin nan, kai ka tashe shi, sannan ka bar ni da sunan. Na ce in akwai wani abu a cikina ka nuna mini, in babu ka gaya mini, don na gaji da zama da kaina kamar da baƙuwa. Na yi ta faɗa har wutar ta mutu. Ba a amsa mini ba. Sai dai na ji yunwa, abin da na manta yadda yake. Na tashi na jiƙa gero.

Ga masar nan. Mani ya ƙi sa ta ciki, ya ɗaure kwanon a bisa tare da awaki. In ta iso da wari ba hannuna ba ne.

Kada ka yi murna da yawa. Na ce wa dattawa na yarda. Husna ta ce ba ta komawa lakwal, kuma ta tambaye ni ko ita ma za ta ci mutane in ta girma. Bokan zai zo ran kasuwar ƙarshe kafin Kirsimeti. Ka gafarce ni.

Ɗiyarka,
Balki

*

Dogon Dutsi

Balki, gaisuwa da albarka.

Masa ta iso. A tasha na kwance ta, na zauna gaban Mani da masu shayi, na ce: “Jama'a, ga masar mayyar Dumega, wa zai taya ni?” Kowa ya ce ya ƙoshi. Ban taɓa ganin tasha da ƙoshi haka ba. Na cinye ni kaɗai na suɗe hannu, Mani na ta leƙo ni yana jiran in faɗi. Har yau ina nan, sai ƙwannafi. Tsamin ya ɗan yi yawa, hannunki ya kwana biyu bai yi aiki ba.

Wadda kika ce ba mai kyau ba, ita ce addu'ar. Ba abin gafartawa tsakaninmu. Ko kin sha ko ba ki sha ba ɗiyata ce ke, kuma da asubar ranar ina bisa buzu. Abu ɗaya kawai. Kafin ki fita, ki sa wa Ahmad albarka gaban Allah da bakin nan da suka ce yana ci. Ki ji ko zai ƙi.

Allah ya kai mu. Kawunki,
Ma'azu

*

Tibiri

Assalamu alaikum, Kawu. Ina gaisuwa.

Na rufe butik na je Dumega, don in yaya Balki ta faɗi a sami mai ɗaukar ta. An taru ƙofar gidan mai unguwa kamar za a yi kokawa. Bokan ya dama abinsa a ƙwarya, kore shar, an haƙa ɗan rami inda za ta yi aman. Fastonsu ya zo da matarsa, sun tsaya can baya.

Balki ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ta rufe ido, leɓenta na motsi. Ta daɗe, har kakar Ahmad ta ce: “Sha mana, ba wa'azi muka zo ji ba.” Sai ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ta ce: “Ba ni da abin amayarwa. Uwarsa ta riƙe ƙafata, na tsallake. Ko gobe ta riƙe zan tsallake. Allah ya raya Ahmad, ya tsufa ya ga jikoki.” Ta kama hannun Husna ta ratsa mutane, suna darewa kamar wuta ta ɗauko.

Ban san abin da ta karanta ba, ba kuma zan ce na yarda da shi ba. Amma yayata ce, kuma ban taɓa ganin ta da tsawo haka ba.

Sai dai kada ka ce an gama. Bokan ya ce ta ƙi ne don tana son abinta. Da yamma an yi ta jifan rufin ɗakinta. Mijin Zubaida ya toshe ramin dangar da ƙaya. Ta tuƙa tuwo, na ci a ƙofar gida, amma ni nono ɗaya muka sha, ba a sa ni cikin mutane. Vraiment, gaskiya nake gaya maka, Kawu, a unguwar nan ba wanda zai sake cin abin hannunta. Ka rubuta ka ajiye.

Wassalam.
Mahmudu

*

Dumega, bayan Kirsimeti

Kawu, barka da shekara, ina gaisuwa.

Mahmudu ya ba ka na waje, ga na ciki. Da asubar ranar na yi abin da ka ce. Na daɗe ina jin tsoro, sannan na ce, Ubangiji, ka albarkaci Ahmad. Bakina bai ƙi ba. Na sake faɗa. Sai kuka, amma ba irin na da ba. Duk da haka da niyyar sha na fita, saboda Husna. Da ƙwaryar ta zo hannuna na ce, Yesu, kai ka san abin da ke cikina. Na duba, Kawu, na duba sosai. Yaron nan kawai na samu, da hannunsa a miƙe. Shi kuwa ba zan iya amayar da shi ba.

Ran Kirsimeti na koma majami'a da kwanona. Matar fasto ta ɗaga murfin ta ci. Fasto ya ci. Sauran sun ƙoshi. Ya yi mini zafi, amma na tsaya har aka gama waƙa, kuma da bakina aka yi ta.

Husna na ci daga hannuna yanzu. Ta koma lakwal, har yanzu ita kaɗai ce bisa benci, kuma wannan ni na zaɓa mata. Akwai safiyar da nake tambayar Allah ko na yi daidai. Ina hura wuta, ina soyawa, in ɗora ƙonannar fari bisa danga. Ina jin kaji ne ke cinyewa.

Kada ka tashi daga buzun tukuna.

Ɗiyarka,
Balki

*

Dogon Dutsi, cikin bazara

Ɗana Mahmudu, gaisuwa da fatan kasuwa na ci.

Ka ce in rubuta in ajiye, na ajiye. To ga wani labari da ya same ni, wajen masu goron nan dai. Wai a Dumega akwai macen da ke miƙa kwano ta bisa danga da sassafe, kafin uwar mijinta ta tashi, mai masa ta cika mata. Na ce ƙarya ce, na san garin. Mani ma ya faɗa, na ce Mani in ba taya ba me ya sani.

Jiya da hantsi aka yi sallama. Mace ce cikin hijabi, da yaro a hannu, sun zo ganin danginta nan Dutsi. Ta ajiye kwanon Balki gabana ta ce saƙona ne. Na buɗe, rabi ne. Na dube ta. Ta sunkuyar da kai ta ce: “Baba, hanya da nisa. Ya yi ta kuka na ba shi. Ni ma na ci.” Na ce ba ki ji tsoro ba? Ta ce: “Ina ji. Har yanzu ina ji, kuma a gida ba wanda ya sani. Amma ba yau muka fara ba.” Yaron kuwa yana laluben kwanon yana neman ƙonanna.

Ba a gama ba, nan ka yi gaskiya. Husna na nan bisa bencinta, ni ina nan bisa buzu. Kai ma in ka idar da salla ka sa yayarka ciki.

Ka gai da iyali. Kawunka,
Ma'azu

Labarin kwano bisa danga dai na daina musunsa. Wadda ta gaya mini na ƙarshe Zubaida ce, uwar Ahmad.